Gaisuwar da Ban Ambaci Ruwa Ba

Hanan da Amal, wannan babin naku ne, kuma da gangan na rubuta shi da Hausa. In kuna son sanin abin da ya faru sai ku zauna ku karanta a hankali, ko ku kai wa babanku ya yi muku tafinta, amma na san halinsa, sai ya ƙara gishiri. Da babban yatsa nake bugawa a waya, yawanci a cikin bas daga Ardwick zuwa uni, don har yau mamanku ba ta gama karatu ba, kun sani. In kun ga wani wuri ya yi tsalle, direba ne ya taka burki. Dalilin rubutun ɗaya ne. Duk Sallah in an taru a falon Kawu Sani sai wani ya tayar da zancen, wai Nusaiba ta ceci rafi guda da kular waina. A yi ta shewa, ni ma in yi dariya, don gaskiya labarin ya fi daɗi a haka. To amma ba haka aka yi ba. Kuna girma kuna ji, nan gaba za ku ɗauka gaskiya ne ku ba naku 'ya'yan, shi ya sa na ce gara in gyara tun ina tunawa.

Shekarar da nake masters a Birmingham ce, a kan harkar ruwa, tun kafin in san akwai babanku a duniya. A Selly Oak nake zaune, gidan haya na ɗalibai, kowa da ɗakinsa, firij ɗaya, kullum rigima a kan madara. Ni kuwa lokacin ba a magana. Baki ba birki, yatsa ba hutu, kafin malami ya rufe bakinsa na riga na tura wa 'yan aji sharhi a group. Da summer ta shigo, lokacin zafinsu ke nan, sai aka tura ni placement, wato koyon aiki, wajen wata 'yar ƙaramar ƙungiya mai kula da koguna, na yi ta murna kamar an ba ni kujerar Makka. Wurin aikin wani ɗan rafi ne can yamma, wajen iyakar Wales, wanda ko a taswirar waya sai ka ja da yatsu biyu kafin ka gan shi. Yana gangarawa ya faɗa wani kogi, shi kuma ya faɗa babban kogin Severn. Abin da ya sa ake damuwa da shi kifin salmon ne, mai jan naman nan da kuke ture wa gefe in na gasa. A cikin tsakuwar rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana ɗan mitsitsi kamar yatsa, sannan ya bi ruwa har teku, ya yi yawonsa ya zama ƙato, sai kuma ya juyo ya dawo rafin da aka haife shi ya zuba ƙwai. Ranar da na fara jin haka na ce kai, wannan ai Bakano ne, duk inda ya je ci-rani sai ya dawo gida aure. Sai dai masu dawowar suna ta raguwa, har ana tsoron wata rana a jira su shiru.

Matsalarmu 'yan ƙananan ne, waɗanda ba su isa tafiya ba. Ba sa jure zafi. In ruwa ya ja baya sai ya ɗumama, iskar da suke shaƙa ta ƙare a cikinsa, su taru a 'yan gurabe masu zurfi suna jiran ikon Allah. Kuma shekarar nan an yi zafi na rashin mutunci, irin wanda Turawa ke cire riga a titi, mu 'yan Kano muna kallonsu muna cewa ba ku ga komai ba. A bakin rafin akwai gonakin dankali guda biyar, kowa da lasisinsa na jan ruwa, kowa da famfonsa, kuma duk lokaci ɗaya suke kunnawa. Ba mugunta ba ce, dankali ma ƙishi yake ji, kuma da shi suke ci. Shugabar aikinmu wata mata ce Ruth, 'yar siririya mai furfura, wadda ta yi shekaru tana shan shayi a gidajen manoman nan kafin su yarda su zauna teburi ɗaya da masu kamun kifi da mutanen uni. Abin da ta kawo ba wani sabon abu ba ne a wajena, karɓa-karɓa ce, yau wane ya ja gobe wane, kamar yadda ake rabon ruwa a lambunan Kura. Daga baya kuma a taimaka musu su haƙa tafkunan tara ruwan hunturu, a dasa itatuwa a bakin rafi don inuwa. Manoma huɗu suka ce sun yarda, amma da sharaɗi, sai in na biyar ya shiga. Na biyar ɗin shi ne Mista Hollis, tsohon da gonarsa ke can sama, shi ruwa ke fara samu, famfonsa ya fi na kowa girma, lasisinsa ya fi na kowa tsufa. Suka ce ba za su kashe nasu su zauna suna kallon dankalinsu na yaushi ba, shi yana can yana zuƙa. Kuma suna da gaskiya.

Aikina shi ne in saka dogon takalmin roba in shiga ruwa in auna zurfi da ɗumi. Tun ranar farko Ruth ta kafa mini doka, ta ce ni aikina da ruwa ne, ita nata da mutane, ɗalibi ba ya zuwa wajen manomi sai da ita. Na ce to. Shi kuwa Mista Hollis an kira bai ɗauka ba, an aika saƙo shiru, an gayyace shi taro bai zo ba. Kullum ina auna ruwa a ƙasan gadar da ke daf da ƙofar gonarsa, inda akwai wani gurbi da 'yan kifin suka fi taruwa, kullum ina jin gurnanin famfonsa, kullum sandar awona tana nuna mini ƙasa da jiya. Wata rana muna komawa a mota Ruth ta ce, kamar mai ba da labarin yanayi, ai ba a son matsa masa ne, don matarsa ta rasu a farkon shekara. Na ce inna lillahi, an je? Ta ce an aika kati, kowa ya sa hannu.

Ƙarshen makon na hau jirgin ƙasa na zo Manchester gidan Kawu Sani, ƙanin kakarku, akanta, da matarsa Anti Bilki, wadda lokacin ma GP ce, wato likitar unguwa. Muna cin tuwo ina ta zuba kamar kanya, kifi kaza, famfo kaza, tsohon nan mai taurin kai kaza, har na zo kan maganar rasuwar. Anti ta ajiye cokali.

"Tsaya, tsaya. Matarsa ta rasu?"

"E, Anti, tun kafin azumi."

"Wa ya je?"

"An aika kati."

"Wa ya je na ce, ba wa ya aika ba."

Kawu ya ce, "Bilki, nan fa ba Fagge ba ce. Bature in an yi masa mutuwa so yake a ba shi wuri."

"Kai lissafi ka sani, ni nake ganinsu," in ji Anti. "Tsoho ya zo mini da ciwon gwiwa, in duba gwiwa lafiyarta ƙalau, wanda zai yi magana da shi kawai yake nema. Ana ba su wuri har wurin ya cinye su. Mutum an yi masa rashi, ba ku taka kun je ba, amma kuna aika masa saƙo kuna neman ruwa. Ko ni ce ba zan ɗauki wayar ba."

"To in kin je me za ki ce masa? Ba musulmi ba ne."

"Haƙuri zan ba shi, Sani. Shi ma sai da shahada?"

Ni kuwa nan take kaina ya kawo wuta. Na ce, "Anti, wallahi kin haɗu! Mu je mu gaishe shi, in ya ɗan saki jiki sai in shigo da maganar famfon a hankali, shi ke nan an wuce wajen."

Kallon da ta yi mini har yau ina jin sa a bayan wuyana.

"To ba da ni ba. Gaisuwa za mu ko roƙo? Wanda ya je gidan mutuwa da buƙata a aljihu ba gaisuwa ya je ba, kasuwa ya je. In za mu, ko kalmar ruwa ba za ta fito daga bakin nan naki ba. Za ki iya?"

Kawu ya kwashe da dariya ya ce Nusaiba ta yi shiru, ai sai dai in an cire mata batir. Na ce zan iya. Na tuna dokar Ruth, ba wai na manta ba, amma na ce a raina tunda ba aikin ƙungiya zan je yi ba, dokar ba ta hau kaina ba. Haka na ɗauka a lokacin, kuma har yanzu rabin zuciyata haka take ɗauka.

Asabar mai zuwa suka biyo ta Selly Oak suka ɗauke ni. Anti ta tashi tun asuba ta soya waina, ga miyar taushe a kula. Ta sa Kawu ya saka shadda da hula, wai ba a zuwa gaisuwa da kayan ƙwallo. Da muka zo gadar na leƙa ta taga, duwatsun da ban taɓa gani a waje ba duk sun fito sun bushe. Muna tsayawa a harabar gidan wani ƙaton kare ya taho da gudu. Kawu ya ɗaga gilashi.

"Ku shiga, ni zan tsaya in yi gadin mota."

"Wa zai sace ta, tumaki?" in ji Anti, ta buɗe ƙofa ta fita da kularta kamar karen bai wanzu ba.

Mista Hollis ya fito. Dogo ne ya ɗan ranƙwafa, wuyansa ja, maɓallan rigarsa ba su hau daidai ba. Ya dube ni ya ce ai ya gane ni, ni ce yarinyar nan mai tsayawa a ruwa da sanda, kuma in maganar da yake zato ce ta kawo mu, mu juya. Anti ta sha gabana. Da Turancinta na asibiti, mai sanyi, ta ce masa ita matar kawuna ce, mun ji an yi masa rashi, a wajenmu in aka yi wa maƙwabci mutuwa zuwa ake yi a zauna da shi, mun makara, ya yi haƙuri.

"Ni ba maƙwabcinku ba ne," in ji shi.

"Yarinyarmu kullum tana ƙofar gidanka cikin ruwa har gwiwa. A wajenmu wannan ya isa."

Ya daɗe a tsaye yana kallon kular. Wallahi na gama sawa a raina korar mu zai yi, har na fara tsara yadda zan ba da labarin a group. Sai ya ce, can ƙasa-ƙasa, bai share gidan ba. Anti ta ce ba gidan muka zo gani ba.

A kicin muka zauna. Kwanuka a tare, labule a rufe rabi, ga wata kujera da rigar sanyi ta mata a rataye a bayanta, duk muka kauce mata ba wanda ya ce wa wani. Can Kawu ya ga zaman mota ba zai yi ba ya shigo yana taka ƙasa kamar mai tsallake ƙaya, yana zama karen ya je ya ɗora kai a kan takalminsa ya yi kwanciyarsa. Kawu ya sandare, ko ƙifta ido ba ya yi sosai. Anti ta ce wa tsohon Allah ya ba shi haƙuri, ta fassara masa, Kawu ya maimaita, ni ma na maimaita. Sai muka yi shiru. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Yanzu kuma me ake yi?"

"Ba a yin komai," in ji Anti. "Zama ake yi."

Ya tashi ya dafa shayi don ya samu abin yi da hannunsa. Aka ci gaba da zama. Ku da kuka san ni, ku auna. Ga taga a buɗe, ga gurnanin famfon nan yana shigowa har cikin kofin shayina. Na san ɗumin da na auna shekaranjiya, na san inda ya kamata ya tsaya, na san ya kusa wucewa. Hotunan gurbin suna cikin wayar da ke hannuna, yatsana har ƙaiƙayi yake. Kuma ga mutumin da kowa ke nema, a gabana, ba shamaki. Sai shi da kansa ya juyo ya kafe ni da ido.

"To, yarinya, kun yi doguwar tafiya. Faɗi abin da ya kawo ki. Famfon ne, ko?"

Anti ba ta dube ni ba, kofinta take kallo. Ba ta taka mini ƙafa ba, ba ta yi gyaran murya ba, ta bar ni da kaina. Maganar tana nan a kan harshena a shirye, na ma san da wace kalma zan fara. Kuma ba don kaina nake so ba, don wasu 'yan halittu ne da ba su da baki. Amma na dubi maɓallan rigar nan da ba su hau daidai ba, na ga idonsa, na gane jira yake in faɗa don ya tabbatar wa kansa cewa ba wanda zai tako gidan nan sai da buƙata. Na kifa wayar a kan cinyata.

"Yaya sunanta?" na ce.

Ya yi kamar bai ji ba. Sannan ya ce Jean. Ya sake cewa Jean, kamar mai gwada ko sunan yana aiki har yanzu. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ba maganar rafi, ba maganar gona. Ya ce tana kiwon zuma, shi kuwa tsoronsu yake, ga amya can a bayan gida bai san yadda zai yi da su ba. Ya ce kullum sai sun yi faɗa a kan tashar rediyo, yanzu ya bar ta a tashar da take so, kuma har yau ba ya son tashar. Anti ta buɗe kula ta zuba masa waina. Ya juya ta, ya shinshina, ya ture miyar gefe, ya ɗauko kwalbar jam, mai zaƙin nan da ake shafa wa burodi, ya shafa mata. Na ga Anti ta runtse ido kamar an mare ta, amma ba ta ce uffan ba, ita ma ranar ta yi nata jihadin. Ya ci uku. Da muka tashi ya raka mu har mota, ya ce wa Kawu karen ba ya cizo, Kawu ya ce ai da ma shi bai ji tsoro ba. Muka fito, famfo yana ta gurnaninsa kamar yadda muka same shi.

Ran Litinin ni da bakina na ba Ruth labari, ina murna, ina zaton za ta ce na yi ƙoƙari. Ta tsayar da mota a gefen hanya. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta iya ba. Ta ce shekarun da ta yi tana lallaɓa mutanen nan, abu ɗaya ta riƙe, ba wanda ake bi ta bayan gida. Da ya kai ƙara cewa ƙungiya ta turo masa baƙi da abinci a kan mutuwar matarsa don a yaudare shi, da duk aikin ya rushe, sauran huɗun ma su watse. Na ce ai ban ce masa komai a kan ruwa ba. Ta juyo ta dube ni.

"Kin shiga kicin ɗin da na yi wata da watanni ina neman shiga, ya tambaye ki da bakinsa, kika fito ba ki ce komai ba?"

Kun ga, ta ko'ina na sha kashi. Na je, laifi. Ban roƙa ba, laifi. Kuma kada ku ɗauki Ruth a matsayin muguwar labarin nan, duka biyun tana da hujja. Ta ce in ƙarasa makon, daga nan na bar fita rafi.

A cikin makon ne zafin ya kai ƙarshe. Na iso gadar da safe na tarar da gurbin ya yanke daga sauran rafin, ya zama kamar ruwan da aka manta a baho. Kifayen suna nan a gefe-gefe, cikinsu fari a sama, 'yan ƙanana kamar yatsunku. Ruth ta yi waya, masu kamun kifi suka zo da bokitai da 'yan raga, biyu daga cikin manoman ma suka bar aikinsu suka zo, muka yi ta kwasar masu sauran motsi muna kai su wani gurbi mai inuwa a ƙasa. Mun ceci wasu. Waɗanda ba mu ceta ba sun fi yawa. Ba wanda ya ce mini komai, amma duk wanda na ɗauka a tafin hannuna sai in ji muryar tsohon yana cewa, famfon ne, ko? Wannan ɓangaren ne ba a faɗa a falon Kawu.

Aka mayar da ni ɗakin kwamfuta, aka canza mini aikin kammalawa zuwa lissafi a kan tsofaffin alƙaluman wani kogin da ban taɓa gani ba. Akwai aikin da ƙungiyar ta ɗan nuna mini alamar za ta ba ni in na gama, wani aka ba. Na so aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. A cikin bas a Bristol Road na kira Anti ina kuka, wata tsohuwa tana miƙo mini tishu.

"Anti, sun mutu. Da na yi magana wataƙila da suna nan."

"Wataƙila," in ji ta.

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"So kike in ce miki ba ruwanki? Ban sani ba, Nusaiba. Ban taɓa ce miki in kin yi shiru kifi zai rayu ba. Cewa na yi haka ake gaisuwa."

Na kashe wayar ina jin haushinta, na yi kwanaki ban kira ba.

Can wajen ƙarshen summer sai ga saƙon Ruth, gajere kamar yadda ta saba. Wai an yi taro a ɗakin taron ƙauye, ana cikin yi Mista Hollis ya shigo ba wanda ya zata, ya zauna a baya, da aka kusa tashi ya ce zai riƙa kashe nasa kwana ɗaya ya kunna kwana ɗaya, amma ba zai sa hannu a komai ba sai bayan an haƙe dankali, kuma yana son a zo a duba masa inda tafki zai zauna. Sauran huɗun suka bi. Ba ta ce in dawo ba, ban kuma tambaya ba. Ni kuwa tsalle na yi a tsakiyar laburare, kan ka ce kwabo na cika group ɗin gida da saƙo, waina ta yi aiki, waina ta karya famfo, a jinjina wa Anti Bilki. To kun ji inda ƙaryar ta samo asali, daga yatsan nan nawa ne. Ana ta turo tafi, sai ga kiran Anti.

"Yaushe za ki koma?"

"Ina, Anti? Ai sun cire ni."

"Wajen tsohon. Gaisuwa ɗaya ake yi a watsar da mutum? In kika ɗauke ƙafa yanzu don ya kashe famfo, to ƙarya muka je muka yi masa, kuma da ni a ciki. Ba zan yarda ba."

Na koma ni kaɗai, jirgi sannan bas sannan ƙafa, tunda yanzu ba ni da wata ƙungiya balle doka. An ɗan yi ruwan sama a makon, ciyawa ta fara dawowa hayyacinta. Na same shi a bayan gida ya saka hular raga yana tsaye nesa da amya, wani maƙwabcinsa yana nuna masa yadda ake buɗewa. Ya tambayi Anti, ya tambayi mutumin nan mai tsoron kare. Na ce masa an cire ni daga aikin. Ya ce ya ji, bai ce ya yi baƙin ciki ba, sai dai ya ɗauki sandarsa ya ce mu gangara. Muka bi gefen gonar har ƙasan gadar. Ruwan ya haɗe da sauran rafin, ba yawa, amma yana tafiya. Muka tsaya.

"Ranar da kuke kwasarsu da bokiti ina bayan shingen can," in ji shi. "Na ga abin da kuka zubar a ciyawa."

Ban san ya gani ba. Na tsaya ina juya maganar. Wataƙila ke nan ba zuwanmu ba ne ya sa shi, matattun ne. Wataƙila kuma da ba mu je ba, da ko shingen ba zai leƙo ba. Ba ni da yadda zan raba muku biyun, kuma duk wanda ya ce muku ya sani, ƙari ya yi. Na daure na yi masa tambayar da ta hana ni sakat tun ranar.

"Da na roƙe ka a kicin, lokacin da ka tambaye ni, da ka kashe?"

Ya daɗe yana tona tsakuwa da bakin sandarsa.

"Da na kore ku, ina jin. Ko kuma da na kashe, don kunyar matar nan." Ya girgiza kai. "Ban sani ba, yarinya. A lokacin ni kaina ban san me zan yi ba daga safe zuwa rana."

Ba amsar da nake so ba ce. Na so ya ce da ya kore mu, in samu in sauke kayan nan daga kaina. Bai ba ni ba, kuma ina ganin don ya ɗauke ni da mutunci ne bai ba ni ba. Na tsuguna a bakin ruwan ina dubawa, na duba ƙarƙashin saiwa, na duba gefen duwatsu, ban ga komai ba sai inuwata. Har na fara cewa a raina an makara, an gyara ruwa ba mai sha. Shi ma ya dafa sanda ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara, ya cire hular ragar ya kare rana da ita. Muka yi tsit, ni da shi, har ƙafata ta fara sanyi. Sai na ji ya taɓa mini kafaɗa da yatsa ɗaya, ya nuna wani wuri a bayan wani baƙin dutse, inda ruwa ke ɗan murɗawa.

"Kada ki motsa," ya ce a hankali. "Ga ɗaya can."